Injin da Ya Ce Lafiya Lau

Jiya da dare wani mafarki na yi.

Bari in fara da abin da ya faru ido biyu, don kada a ce duk ƙirƙira ce. Sunana Tasi'u, ina da ɗan shagon abincin kaji a bakin tasha. Bana na yunƙura na sayo injin ƙyanƙyasa daga Legas, irin mai ƙofar gilashi da tire-tire masu juya ƙwai da kansu. Tun bai taso ba na cika baki. Na je har ƙauyenmu na ce wa Gwaggo Lantana, ƙanwar mahaifina, ta gaya wa matan unguwarsu su daina wahalar sa wa kaji ƙwan zabi. Su tara su kawo mini, inji zai yi musu kwanci gaba ɗaya. Suka kuwa tara. Ƙwan yana nan a bayan kantata cikin ƙaiƙayi, kowanne da alamar gawayi ta mai shi. Na Gwaggo zobe ta zana musu, kuma na farar zabuwarta ne da mota ta take kwanan baya. In waɗannan suka lalace, irin ya ƙare ke nan.

Sai ga inji ya iso a bayan tirela, gilashi a tsage, fanka a lanƙwashe, tiren sama ya rufta kan na ƙasa. Direba ya ce shi haka aka ɗora masa. Mutanen Legas suka ce su garau suka ɗora. Shi kuwa ƙwai ba ya jiran a gama shari'a, in ya daɗe ba a sa shi a ɗumi ba ya tashi daga aiki. Na lulluɓe injin da tabarma, na koma kwana a shagon ina gadin abin da ya riga ya fashe. Gwaggo ta kira ni ta ce, "Tasi'u, inji ya iso lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Gwaggo." To me mutum zai ce wa babba a waya?

A mafarkin sai na gan ni a wata tasha da ban sani ba, da kwando a kaina, duk ƙwan matan nan a ciki. Rana tsaka ce kuma ana ruwa, sai dai daga ƙasa yake tasowa. Yana fitowa daga kwalta, ya bi ta ƙafar wando, ya fita ta wuyan riga ya yi sama. Mutanen garin kowa ya buɗe lemarsa ya taka a ciki yana ja. Ban tsaya kallo ba, sauri nake yi, ko da yake ban san ina za ni ba.

Tirela ta shigo tashar da baya. Direbanta ya sauko, wani dogo da goro a saƙale a bayan kunne.

Ya ce, "Kai ne mai inji?"

Na ce, "Ni ne."

"Ga shi can, ya sauka da kansa."

Na waiwaya. Injina ne tsaye a kan kansa, tayoyinsa suna kallon gajimare, gilashin yana zuba kaɗan-kaɗan.

Na ce, "Haba Malam! Ba ka ga kibiyar da aka zana a jikin akwatin ba? Har an rubuta nan ne sama."

Ya ce, "Na gani, ita na bi. Wannan ruwan daga ina yake fitowa?"

"Daga ƙasa."

"Ruwan me ake ce masa?"

"Ruwan sama."

"To ka gani."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na duba na ga ya fi ni gaskiya. Ya ciro goronsa ya gutsura, ya ce in ina da ƙorafi in tafi Ofishin Karyayyun Kaya, amma in hanzarta, don suna buɗewa suke tashi.

Sai ga mu a ofishin. Injin ya miƙe da ƙafafunsa yana bina yana ɗingishi, duk takun da ya yi sai wani abu ya yi ƙara a cikinsa. Awaki ne ma'aikatan. A teburin farko wata akuya ce da tabarau da ɗankwali mai sheƙi. Na miƙa mata takardar kaya, ta karɓa da ladabi, ta tauna ta haɗiye.

Ta ce, "An shigar."

Na ce, "Ita ke nan gare ni fa."

"In kana son kwafi ka zagaya bayan ofis gobe da safe." Ta gyara tabarau. "Kuma ka sani, a nan ba ma jin ta bakin mai kaya. Mai kaya kullum da ƙari yake magana. Kayan muke tambaya."

Layi ne dogo. A gabanmu akwai wani tela riƙe da kan kekensa a hammata, gangar jikin keken tana biye da shi. Da layi ya zo kansu, akuyar ta dubi keken ta yi murmushi.

"Sannu da zuwa. Ya hanya?"

Keken ta ce, "Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

Akuyar ta tsoma kofato a tawada ta buga a tebur. "Ba ta da komai. Na gaba."

Telan ya ce, "Baiwar Allah, wuyanta fa a hannuna yake!"

"Ita ta ce lafiya. Kai ka fi ta sanin jikinta ne?"

Na ja injina gefe, bayan wata firji da ƙofarta ke rataye da igiya. Kwandon yana kaina, don haka ba na iya sunkuyawa, sai na yi masa magana ta gefen baki.

Na ce, "Ka ji abin da ya faru. In an tambaye ka, ka faɗi gaskiya. Ka ce gilashinka ya fashe, fankarka ta karye, a kife aka kawo ka tun daga Legas."

Muryar injin da ta fito a hankali take, ta mai tarbiyya. "Haba Maigida. Mutum ya gaishe ni, ni kuma in hau zayyana masa ciwo? Ina aka taɓa yin haka?"

"Ba gaisuwa ba ce, bincike ne!"

"Da gaisuwa suke farawa."

"To in sun gama gaisuwar sai ka faɗa."

"Ba sa gamawa."

Na ce, "Kai da aka ƙero a wata uwa duniya, ko Hausa ba su ji a can, wa ya koya maka wannan alkunyar?"

Ya ce, "Ba zan iya faɗin sunan malamina ba. Kunyarsa nake ji."

Layi ya zo kanmu. Na tsaya a bayan injin ina zungurinsa da gwiwa.

Akuyar ta ce, "Maraba da baƙo. An iso lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau."

A daidai nan na ji kwandon ya motsa. Na ɗaga ido, sai ga ƙwai ɗaya ya tashi daga ƙaiƙayi, yana juyawa a hankali, ya bi ruwan ya fita ta taga. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san yadda ake gwada ƙwai: a sa shi a ruwa, mai kyau ya nutse, lalatacce ya taso. To a garin nan ruwan sama yake tafiya, don haka lalataccen ƙwai ba ya tsayawa sai gajimare. Na ga alamar gawayin da ke jikinsa, layi biyu, na Delu mai ƙosai ne.

Na daka tsalle ban kama shi ba. Akuyar ta buga kofato ta ce, "Na gaba."

Sai ga mu a gidan mai ɗori. Tsakar gida ce mai faɗi, da bishiyar darbejiya wadda saiwoyinta ke sama, ganyenta a binne. An kwantar da injina a kan tabarma, an jera masa karan dawa a kan gilashi an ɗaure da tsumma. Mai ɗorin ya tofa, ya ce kada majiyyaci ya ci kuɓewa, ya shige cikin randa ya ja murfi.

'Yan dubiya suka fara shigowa. Ban san su ba, amma duk sun san ni. Wannan ya ajiye lemo, wancan ya ajiye ayaba, wani ya kawo kunu a kwanon sha ya ce a ɗura masa ta wajen fanka. Kowa ya durƙusa sai ya ce, "Ya jiki?" Injin kuma ya ce, "Da sauƙi." Da ya faɗa sai tsagar gilashin ta ƙara tsawo, ƙwai ɗaya ya tashi daga kaina.

Na sauke kwandon na rufe da hula, ƙwai ya ɗaga hular ya wuce da ita. Na tuɓe riga na rufa, ya fita ta hannun rigar, na mayar da abata jikina. Na koma bakin ƙofa ina tare mutane, ina cewa majiyyaci ya yi barci, sai suka riƙa shigowa ta ƙarƙashin tabarma. Na zauna, na tashi, na zagaya bishiyar, na dawo na ƙirga abin da ya rage, lissafin ya ƙi tsayawa don ina ƙirgawa suna tafiya. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ba fashewar injin ce ta dame ni a lokacin ba, fuskokin matan nan nake gani, da yadda kowacce ta kawo nata a ƙulle a gefen zane tana cewa Allah Ya sa albarka.

Ana cikin haka wata kaza ta yi sallama. Ƙatuwa ce, ja, da mayafi a kafaɗa, wasu kaji suna biye da ita. Suka zauna a gefen tabarma suka baje fukafukai kamar masu jiran a ɗaura aure.

Ta ce, "Malam Tasi'u, sannu da jinya. Mun ji an kawo wanda zai karɓe mu aiki, muka ce bari mu zo mu duba shi."

Na ce, "An gode, Hajiya."

Ta leƙa kwandon da ido ɗaya, ta juya kai ta leƙa da ɗayan. "Waɗannan sanyi suke ji."

"Inji zai ɗumama su."

"Wannan ɗin?"

"Ya kusa warkewa."

Ta ce, "To. Mu dai ga mu nan zaune, ba abin da muke yi. Tun da aka ce a daina sa mana, kwanci muke yi a kan duwatsu don kada mu manta." Ta ɗaga fiffike, na ga dutse a ƙarƙashinta, sumul, ya yi ɗumi har yana tururi.

Na so in ce ta karɓa. Maganar ta zo har maƙogwaro. Sai na tuna ni ne na tsaya a tsakar gidan Gwaggo ina cewa zamanin kaza ya wuce, matan suna tafa mini. Na ce, "A'a Hajiya, kada a ɗora muku nauyi."

Ta ce, "Allah Ya ƙara sauƙi." Ta juya wajen injin. "Ya jiki?"

Na yi kukan kura na toshe masa fanka da tafin hannu. Ta cikin yatsuna ya ce, "Da sauƙi."

Sai ga ni ina gudu a wani dogon baranda, ina tura injin a gaba, kwandon ya yi sakayau a kaina. Wani ɗan akuya mai shara ya ce in ban yarda da hukuncin farko ba in je wurin Babban Bunsuru, ofishinsa yana hawa na sama. Don haka muka yi ta sauka. Matakalar ba ta da ƙarshe, kuma kowace ƙofa muka wuce ana gaisawa a bayanta.

Tun kafin in gan shi na san mun iso, saboda wari. Yana zaune a bayan wani tebur mai faɗin gado, da babbar riga, gemunsa ya sauka har cikin kofin shayi. Ban jira an ba ni izini ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a dubi injin nan! Ido ma ya isa shaida. Ga gilashi, ga fanka, ga tire ya zama faifai. Ko a canza mini shi, ko a gyara, yau ɗin nan. Ƙwan mutane ne a kaina, amana ce, kuma tashi suke yi!"

Ya tauna wani abu a hankali, ina jin fayil ne. Ya ce, "Shi me ya ce?"

"Shi ba zai faɗa ba! Kunya ce ta kashe shi. Ko wuta aka cinna masa, in aka ce ya jiki, da sauƙi zai ce."

"Yaron kirki ke nan."

"Ranka ya daɗe, kirkin nan ne zai hallaka ni."

Ya matse gemunsa a cikin kofin. "To. Doka ta ce in kaya ya cika kunya, a tambayi mai shi, sau ɗaya tak. Abin da ka faɗa shi za a buga. Amma sai mun gaisa tukuna, mu nan ba dabbobi ba ne."

Na ji sanyi a raina. Na ce yau dai magana ta zo hannun mai baki. Na gyara tsayuwa, na jera kalmomin a kan harshe: ya fashe, ya karye, a kife aka kawo shi.

"Malam Tasi'u, ina wuni?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ya kasuwa?"

"Da godiya."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Sai ya karkata kai. Muryar da ta fito daga gemun nan ba tasa ba ce. Siririya ce, ta tsohuwa, tana yankewa kamar inda sabis ba shi da ƙarfi, har ina jin kukan zabi a bayanta.

"Tasi'u, inji ya iso lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Gwaggo."

Wallahi ban yi niyya ba. Bakin ne ya tafi da kansa, kamar jakin da ya san hanyar gida. Bunsurun ya ɗaga kofato ya buga, teburin ya amsa.

Injin ya matso kusa da ni, karan dawan suna zamewa daga jikinsa. Ya ce a hankali, "Ka yi haƙuri, Maigida. Tun da aka sauke ni ina ƙarƙashin tabarma ina sauraronka. Na ga kai ma a fashe kake, kuma haka kake amsawa. Na ɗauka haka ake yi a gidan."

Yana rufe baki kwandon ya tashi gaba ɗaya. Ƙwan suka watse a iska, na Delu, na Ta-Annabi, na matar liman, kowanne yana juya alamarsa, suka bi ruwa ta cikin rufin da ya buɗe musu kamar murfin tukunya. Na taka teburin Bunsuru na yi tsalle. Ruwan ya shiga rigata ya ɗaga ni. Ina kai hannu nan, ina kai hannu can, sai iska nake damƙa. Ƙasa ta yi nisa, na hango tirelar tana fita daga tasha da baya, na hango kajin nan a jere a tsakar gida sun ɗaga kai suna kallona, kowacce a kan dutsenta.

Guda ɗaya na kama. Na buɗe hannu a hankali, sai ga zoben gawayi. Na farar zabuwa ne. Da nauyinsa, bai lalace ba tukuna, iskar sauran ce ta kwashe shi. Na rungume shi a ƙirji, na sa a hammata, na hura masa numfashi, amma jikina duk ruwa ne, ba ni da ɗumin da zan ba shi. Sai na ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na kara a kunne.

Wata 'yar murya ta ce, "Salamu alaikum. Wai ba kowa ne?"

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Ina kwance a kan buhunan dusa, wuyana ya ƙage, gari ya waye har haske yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Wani ne yake buga ƙyauren shagon da ɗan mukulli. Na fara leƙa bayan kanta: ƙwan suna nan cikin ƙaiƙayinsu, ba wanda ya tashi. Na buɗe ƙofa. Ɗan acaɓa ne riƙe da mukullin babur, a bayansa kuma Gwaggo Lantana ce, da wani sabon kwando a kanta, ta riƙe shi da hannu biyu.

Ta ce, "Kai, irin wannan barci? An tashi lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau."

"Madalla. Ga wasu na ƙaro, matan Unguwar Rimi ma sun ji labari. Ina injin namu? In gan shi da idona."

Na ji bakina ya fara shiri, harshe ya riga ya ɗaga. Na cije shi har sai da na ji zafi. Na juya na kama gefen tabarmar na yaye, wani guntun gilashi ya faɗo ya yi ƙara a siminti.

Gwaggo ta dubi injin, ta dube ni.

Na ce wa ɗan acaɓan kada ya tafi. Sannan na ce, "Gwaggo, kada ki sauke kwandon nan. Kaji nawa ne ke kwanci a garinmu yanzu?"